Tsani Babu Kunya

Ranar wata Asabar da hantsi samari huɗu suka tsaya a bakin rumfata, nan Gusau, a kan babura biyu, kowane babur da bokitin fenti ɗaure a baya. Babbansu, wani dogo mai suna Nura, ya ce su tsofaffin ɗaliban wata firamare ne da ke bakin titi a Bungudu, kuma sun yanke shawarar zana wa yara wurin tsallakawa a ƙofar makarantar. Ba sai na wahala na bi su ba, in ji shi. In dai faɗa musu faɗin layi da tazarar da ke tsakani, sauran duk sun gani a waya, aikin awa ɗaya ne.

Na ɗaga murfin bokiti na sunsuna. Fentin ɗaki ne, irin wanda ake shafa wa bangon amarya. Na mayar da murfin, na tambaye su ko akwai kunya a wurin. Sai suka dubi juna. Ɗayansu ya yi maza ya durƙusa ya sake gaishe ni, ya zaci gorin rashin ladabi nake yi musu. 'Ya'yan birni ne, ba wanda ya taɓa bin galma a cikinsu, shi ya sa kunnensu bai raba kunyar gona da kunyar ido ba. Na ce su jawo benci su zauna. Abin da na gaya musu ranar shi nake rubutawa a nan, don na san bayansu wasu na tafe da wasu bokitan.

Sunana Garba, amma daga Tsafe har Bungudu da Garba Mai Layi aka san ni. A bakinmu masu zanen titi, fararen layukan nan da ake jerawa don mai ƙafa ya tsallaka, tsani muke ce musu, domin in ka tsaya gefe ka duba sai ka ga kamar tsani aka kwantar daga wannan bakin titi zuwa wancan. 'Yan boko su ke cewa zanen jakin dawa. Tudun kwaltan da ake yi don mota ta rage gudu kuwa, kunya muke ce masa, kamar ta gona.

Da gemuna na shiga aikin, tun Gusau na ƙarƙashin Sakkwato. Kafin nan rubutun jikin manyan motoci nake yi a gareji. Wani dattijo, Malam Labbo, wanda ya yi suna a zanen titi, ya tsaya yana kallon yadda nake jan layi a jikin wata roka ba tare da ma'auni ba. Ya ce hannun yana da kyau, sai dai mai shi bai san komai ba tukuna. Na ji haushi, amma na bi shi. Wata shida ban taɓa buroshi ba. Tsintsiya ya ba ni, ni da nake rubuta sunan Alhazai da adon fure a ƙofar mota.

Ku da kuke ganin aikin awa ɗaya ne, shara kaɗai tana cin awa biyu. Kwaltan da ido ke gani fes, in ka shafa tafin hannu za ka ji rairayi, kuma fentin da ya hau rairayi tayar farko ce ke tafiya da shi. Inda mota ta zubar da baƙin mai, sai an bi da buroshin ƙarfe har ya bushe. Sannan ka ɗora bayan hannunka a kan kwalta. In da sauran sanyin raɓa, ka jira, in ba haka ba fentin zai ɓare kamar ɓawon rogo. In rana ta take kuma ka makara, kwalta ya yi laushi, baƙinsa zai ɓullo ta cikin farin. Tsakanin waɗannan biyu aikin yake, ɗan lokaci ne da hantsi. Sai a tare rabin hanya da durom da ganye, a ja zare da aka turmusa cikin bula, mutum biyu su riƙe, na uku ya ɗaga tsakiya ya saki, shuɗin layi ya kwanta. A ɗora katako, a bi da rola. Tun fentin yana ɗanye ake barbaɗa garin gilas daga gwangwanin da aka huda da ƙusa, shi ne ke ƙyalli in fitilar mota ta haska. Duk wannan ba ya cikin waya.

Aikin da ya fara nuna mini cewa sana'a na shiga, a wata makaranta ne daban a Bungudu. Takardar ofis ta ce a zana tsani daidai ƙofar makaranta. Malam Labbo ya karanta, ya ninke, ya sa aljihu. Washegari bayan asuba muka iso da buhun toka da ya roƙo wurin wata mai tuwo, muka barbaɗa ta a gefen titi, hagu da dama, kamar taku ɗari. Muka zauna ƙarƙashin wata bishiyar bedi har aka kaɗa ƙararrawa yara suka shige aji. Sannan ya tashi yana tafiya a sunkuye, hannu a baya, yana karanta ƙasa. A ƙofar makaranta sawun keken malamai ne da takalma biyu uku. Can ƙasa kuwa, inda hanyar unguwa ta ɓullo kusa da wata mai ƙosai, tokar ta dagule da ƙananan sawu, har ba ka iya raba wannan da wancan. Ya ce tsani ƙafa yake bi, ba ƙofa ba. Mai duba aiki ya zo ya yi ta faɗa, Malam Labbo bai ko ɗago kai ba. A wurin mai ƙosai muka zana.

Ranar ne kuma, muna wanke rola, ya faɗa mini maganar da ta fi kowace nauyi a aikin nan.

"Garba, hwarin fenti bai tsai da mota. Kunya ka tsai da mota. Ko ta ƙasa, wadda ka karya mai sifirin, ko ta ido, wani tsoho da direba ba ya iya take yaro gabanai. In babu ko guda, kak ka buɗe gwangwani."

Na ce to, kamar yadda mai koyo ke cewa to. Lokacin ban ga abin wahala a ciki ba, don ko'ina muka je akwai ɗaya daga ciki, wani wurin ma duka biyun.

Masu ba da aiki iri-iri ne. Akwai wani Alhaji da ya sa a zana masa tsani a ƙofar gida saboda bikin ɗansa, alhali ƙetaren titin babu komai sai kwata. Malam Labbo ya ƙi. Bayan rasuwar Malam Labbo wani ya zo mini da irin wannan buƙata, ni kuwa na yi, kuma ba zan ɓoye ba, ya yi kyau a hoto. Akwai masu gidan mai, su ba ruwansu da ma'auni, in dai ya yi fari. Wanda ba na mantawa shi ne wani makiyayi a Kwatarkwashi. Mun gama tsani da hantsi, la'asar ta yi sai ga shi da garke zai ƙetare. Shanun suka zo bakin layin farko suka toge, suna hura hanci, ko sanda ba ta motsa su ba. Ya zo yana yi mana faɗa da Hausa da Fulatanci, wai mun yi wa hanya asiri. Muna cikin haka wata motar haya ta zo ta bi ta kan tsanin a guje, ko birki ba ta taɓa ba. Malam Labbo ya ce wa makiyayin ya yi haƙuri, shanunsa sun fi direban karatu.

Yanzu bari in zo kan makarantar da ta sa nake ɓata muku lokaci. Tana wani gari a kan hanyar Tsafe zuwa Gusau, ba zan faɗi sunansa ba. A bakin gari take, bayanta daji, gidajen mutane kuma duk suna ƙetaren titi, saboda haka kowane yaro sai ya tsallaka sau biyu a rana. Babu tsani a wurin, ba a taɓa yi ba. Amma akwai kunya biyu, ɗaya ta gabas ɗaya ta yamma, ni na shafa musu ruwan ɗorawa da hannuna. Akwai kuma Baba Sanda, tsohon masinjan makarantar, wanda bayan ya yi ritaya ya ɗaura jan ƙyalle a gora yana tsayawa bakin titi safe da lokacin tashi. Ba wanda ya sa shi. Direbobin layin duk ya san su, ya san iyayensu. In wani ya wuce da gudu, kafin ya dawo daga Gusau magana ta riga shi isa gida. Shekara da shekaru ko tuntuɓe yaro bai yi a wurin ba.

Sai shekarar da ta lalata mana komai ta zo. Ba sai na yi muku bayanin 'yan bindiga ba, a cikin abin kuka girma. Aikinmu ya mutu, don wa zai kira mai fenti a hanyar da mutane ke bi suna salati. Amma abin da ya taɓa mu kai tsaye shi ne, mutanen nan sun gane cewa ba sai sun tare hanya da gungume ba. Ga kunya an yi musu, mota da kanta take rage gudu. Sai su laɓe a dajin bayan makaranta su jira. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, aka sauke fasinjoji daidai kunyar gabas aka shiga da su daji.

Wata rana ina dawowa daga Tsafe na tarar da mutanen garin da direbobi sun haɗu da diga da shebur suna tone kunyoyin. Na sauka na tsaya. Cikin masu riƙe da diga akwai iyayen yaran makarantar, na san fuskokinsu. Wani ya gan ni ya sunkuyar da kai, ya ce Malam Garba a yi haƙuri. Me zan ce wa mutumin da aka ɗauke ƙanensa a kan tudun da na yi wa ado? Kafin azahar an share wurin, sai ɓarɓashin kwalta mai ruwan ɗorawa a gefen hanya.

A shekarar ne kuma makarantar ta cika da yaran da iyayensu suka gudo daga ƙauyuka. Nan ma akwai abin da ba ku sani ba. Yaron da aka haifa a bakin titi da kunne yake tsallakawa. Yana jin ƙarar mota ya san nisanta, ya san ko ta ɗauko kaya, ya ruga ko ya jira. Yaron ƙauye bai san wannan ba. Zai shiga, ya kai tsakiya, ya ga mota, sai ya daskare ko ya juya baya, kuma juyawar nan ita ce ke kashewa.

Shugabar makarantar, Malama Hajara, ita da kanta ta hau mota ta zo rumfata. Ta ce ta nemi a mayar da kunya ko da guda ce, mutanen gari sun ce atafau. Ta rubuta takarda zuwa ofis, shiru. Saboda haka ta zo in zana mata tsani. Na karanta mata maganar Malam Labbo daga farko har ƙarshe. Ta saurara, sannan ta ce:

"To Malam Garba, in naɗe hannu ke nan? Ɗiyan mutane na, kullum ina kallon su da rai ga hannu. Ka ba ni wani abu da zan nuna musu in ce nan za ku bi."

Na ce wa kaina ai Malam Labbo ko guda ya ce, kuma ga Baba Sanda nan da ransa. Haka na ce, amma na san ba haka ba ne. Ina shiga motocin nan. Na ga yadda direba ke damƙe sitiyari daga an bar Tsafe, ba ya duban kowa, fasinja na ce masa ƙara wuta. Rabin direbobin ma sababbi ne, tsofaffin wasu sun bar layin, wasu an ɗauke su, wasu sun mutu. Cikin sababbin ba wanda ya san Baba Sanda balle ya ji nauyinsa. Gaskiyar magana ita ce, na yi wata da watanni ban riƙe rola ba, hannuna na ƙaiƙayi. Kuma ina da gwangwani biyu na fentin titi na asali, irin wanda ba a samu yanzu, da na ɓoye tun zamanin da aiki ke aiki. Ina so in buɗe su.

Ban taɓa yin aiki mai kyau irin wannan ba, kuma ba zan sake ba. Na barbaɗa toka na karanta sawu kamar yadda aka koya mini. Na share kwaltan sau uku, na bi shi da buroshin ƙarfe har yatsuna suka yi jini. Hawa bakwai tsanin ya ci, kowane rabin mita, tsakaninsu rabin mita. Shafi biyu na yi, na bar na farko ya kama sosai kafin na biyu, ban yi rowar garin gilas ba. Da na janye durom na koma nesa na duba, gefen kowane layi kamar an yanka da reza. Na ce da ma Malam Labbo na raye ya gani.

Malama Hajara ta fito da yara duka ta jera su bakin titi, ta ce ga wanda ya yi muku, ku saurare shi. Ni ban saba magana gaban taro ba, kuma ba zan yi ƙarya ba, abin ya yi mini daɗi. Ina so in cire musu wannan juyawa baya a tsakiyar titi. Sai na ce:

"Wanga tsani naku na. In kunka hau shi, kak ku yi gudu, kak ku koma baya. Ku taka shi guda guda. Mota in ta gane shi, tsayawa takai."

Yaran gari suka yi ta ƙyalƙyala dariya a baya, su sun san mota. Yaran ƙauye kuwa suka zuba mini ido. A sahun gaba akwai wata yarinya da ba ta wuce shekara takwas ba, mai giɓi, hijabinta ya yi mata yawa har tana takawa. Ta ɗaga hannu kamar a aji ta ce, "Ko babbar mota?" Na ce, "Ko babbar mota." Daga baya na ji sunanta Saratu.

Sati uku tsakani. Ba na wurin, Baba Sanda ne ya ba ni labari. An tashi daga makaranta, ya ɗaga jan ƙyallensa kamar kullum, yara suka shiga. Sai ƙarar mota daga wajen Tsafe. Yaran gari da jin ƙarar suka san wannan ba mai tsayawa ba ce, na gaba suka ruga, na baya suka ja da baya, suka ja na kusa da su. Saratu na tsakiya, tana taka layi tana ƙirgawa da ƙarfi, don sun mai da abin wasa. Baba Sanda ya ce ya yi mata tsawa ta ruga. Ta waigo ta dube shi, ta dubi motar, ta ci gaba da tafiyarta a natse. A hawa na biyar motar ta same ta.

Direban bai gudu ba. Ya tsaya can cikin gari, ya dawo da ƙafa yana kuka kamar ƙaramin yaro, ya ce a yi masa duk abin da za a yi. Ya ce an buɗe musu wuta a baya, gilashin motarsa ma ga shi a fashe, mata na ihu a ciki. Ya hango farin layi tun daga nesa, yana ƙyalli. Ya hango tsoho da jan ƙyalle. Amma a hanyar nan yanzu, in ji shi, duk wanda ya ɗaga maka hannu ƙara wuta kake yi. Ba wanda ya taɓa shi. Kowa a wurin ya san da shi ne a kan sitiyarin abin da zai yi ke nan.

Na je ta'aziyya rana ta uku. Iyayenta na zaune a wani shago da ba a gama ginawa ba, wani bawan Allah ya ba su aro. Mahaifinta, Malam Tukur, manomi ne daga wani ƙauye bayan Mada. Na zauna a tabarma na yi addu'a, na so in tashi ba tare da an san ko ni wane ne ba, sai wani ya raɗa masa. Ya juyo ya dube ni, babu fushi a fuskarsa, da ma akwai da ya fi mini sauƙi.

"Kai na mai zanen?" Na ce ni ne. Ya ce, "Ran nan da taz zaka gida murna takai. Tac ce Baba an yi muna wurin da mota ba ta taka mutum. Ni ma sai da na zo na gane shi, na ce lalle birni birni na." Sannan ya ce, "Kwananta ya ƙare, ban riƙe ka ba. Amma ƙannenta biyu na nan, kuma sun ji abin da kac ce. Don Allah Malam, ka ɗauke tsaninka."

Washegari na dawo da kayan aiki don in ɗauke. A nan na gane abin da na yi. Na zuba sinadarin narka fenti, ya sha ya bushe, farin na nan. Na kankare da buroshin ƙarfe, na sa kurfi da guduma, sai dai in ɓalle kwaltan gaba ɗaya, fentin ya riga ya shige cikinsa ya zama jiki ɗaya. Fentin banza ana goge shi da rana ɗaya. Nawa na asali ne, an share masa wuri, an yi masa shafi biyu. Abin da ya rage shi ne in rufe shi da baƙi. Na durƙusa na bi hawa bakwai ɗin nan ɗaya bayan ɗaya ina shafewa, yara na kallo ta tagar aji.

Baƙin fenti ba ya zama a kan fari mai gilas. Taya na cinsa, ruwan sama na cinsa. Damina ɗaya, sai ga tsanin ya fara leƙowa, da fari dishi-dishi, daga baya tas kamar jiya aka yi. Kuma kowace shekara akwai sababbin yara daga ƙauye, akwai kuma wanda zai gaya musu wai in ka hau nan mota tsayawa take yi. Maganata ta fi ni yawo a makarantar. Saboda haka duk ƙarshen damina nakan ɗauki gwangwanin baƙi in hau mota in je in rufe. Ba wanda ya sa ni, ba wanda ke tambayata. Baba Sanda bai sake tsayawa bakin titi ba har ya rasu. Malama Hajara ita ke tsallakar da ƙanana yanzu, biyu a kowane hannu, a guje, mace mai jikoki. Abin da take koya musu shi ne su duba, su saurara, su ruga.

Nan na ƙare labarin da na ba samarin nan huɗu. Nura ne ya fara magana, cikin ladabi, ya ce to Baba a bar yara haka ke nan? Na ce a'a. Su je su nemi a yi kunya, ko da za su shekara suna zirga-zirga. In ta ƙi samuwa, su raba kwanaki a tsakaninsu, kullum mutum ɗaya ya tsaya safe da lokacin tashi, ba sati ɗaya ba, ba don hoto ba, har direbobi su san fuskarsu su fara jin nauyinsu, in har yanzu akwai sauran mai jin nauyi. Sai ɗaya ya ce yana shago da safe. Ɗaya ya ce karatu yake yi a wani gari, hutu ya zo. Maganar kunya kuwa, sun riga sun taɓa ta, an ce musu a bari tukuna sai hanya ta yi lafiya. Ban ga laifinsu ba, yara ne masu son alheri, su suka haɗa fentin da kansu.

Nura ya miƙe ya ce, "Baba, mun ji. Amma ko yaya dai ya fi babu." Na ce masa da wannan maganar na buɗe gwangwanina. Suka yi godiya suka hau babura. Ban faɗa musu faɗin layi ba.

Kwanakin baya wani aiki ya kai ni Bungudu, rubutun allon wani kanti, don abin da nake ci da shi ke nan yanzu. Na ce wa mai babur ya bi da ni ta makarantar samarin nan. Sun yi. Daidai ƙofa suka zana, layukan sun karkace, wani ya fi wani faɗi, babu kunya gabas babu yamma, babu kowa tsaye. Yawancin yaran can ƙasa suke tsallakawa a guje, inda suka saba. Amma ina tsaye sai ga wasu ƙanana biyu riƙe da hannun juna, sun hau layin farko suna tafiya a hankali, ɗaya na ƙirgawa. Ban san lokacin da na shiga titi na fizgo su ba. Suka dube ni kamar mahaukaci, suka fashe da kuka.

Da suka tafi na durƙusa na sa farce a kan layin. Fentin ya taso kamar garin alli. Ba su yi shara ba, a kan rairayi suka shafa. Ruwa uku masu ƙarfi sun ishe shi. Tun da na fara aikin nan ban taɓa ganin aikin banza na ji sanyi a raina ba sai ranar. Na ɗaga kai na duba gabas, bazara ce, ko alamar hadari babu, da sauran aƙalla wata biyu. Ni da na ƙare rayuwata ina roƙon kada ruwa ya taɓa fenti, yanzu bayan kowace salla roƙon ruwa nake yi, ya zo da wuri, ya zo da ƙarfi. Na kuma san ruwan da zai wanke nasu shi ne zai tono nawa. Baƙin fentin na nan a rumfa, na riga na saya.